Kububuwa a Gidan Mama Angelina

Ranar da Falalu ya kawo matarsa Haulatu gidan hayar Mama Angelina a Nkpor, gefen Onitsha, tun ba a sauke kaya daga mota ba tsohuwar ta tsayar da su a bakin ƙofa ta faɗa musu dokar gidan. Doka ɗaya ce tilo: ba a kashe maciji a cikin gidan nan. Ku yi sallarku, ku yanka ragonku, ku turnuƙe tsakar gida da hayaƙin girki, duk ba ruwanta. Amma in eke ta shigo, baƙuwar gida ce, kuma wanda ya taɓa ta ya nemi wani wurin kwana.

Eke wata 'yar mesa ce gajera mai kauri, mai zanen baƙi da ruwan ƙasa. Ba ta da dafi, in ta tsorata ma sai ta dunƙule kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. Mutanen wannan yanki tun kakanni suke girmama ta, har wanda ya kashe ta sai ya yi mata jana'iza kamar ta mutum. Mama Angelina ba ta fashin coci, amma a kan eke ba ta san sassauci ba. An ba Haulatu labarin wani Yahya mai tura baro da ya taɓa zama a gidan, ya ga eke a banɗaki ya sa mata shebur. Kafin rana ta faɗi kayansa suna bakin titi, har da na abokan ɗakinsa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Gidan kuwa ba na wasa da shi ba ne. Akwai katanga, akwai rijiya mai ruwan daɗi, akwai mangwaro mai inuwa, kuma ko an kwana ana ruwa ba ya shiga ɗakuna. Wanda ya taɓa zama a ɗakunan katako na wajen Head Bridge, bakin babbar gadar kogi, inda Falalu ke sayar da albasa, inda kwata ke shigo wa mutum har ƙarƙashin gado, shi ya san darajar irin wannan gida. A nan Haulatu ta haifi Firdausi, a nan yarinyar ta yi rarrafe ta yi tafiya ta shiga makarantar da ke bayan layi. Haulatu ba ta da wani buri a Onitsha da ya wuce kada a wayi gari a ce su bar gidan nan.

Sai dai ita 'yar Tudun Tofa ce, wani ƙauye a ƙasar Alkaleri inda ciyawa ke shanye mutum da damina. A can ba a yi wa maciji sallama. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, tun kafin yaro ya iya riƙe fartanya yake koya masa abin da ke cikin ciyawa. Ga kasa, mai kauri da lalaci, tana kwance a kan hanya ba ta kauce wa kowa, sai ka taka ta ta nuna maka ba barci take ba. Ga kumurci da ke fasa kai ya tofa wa mutum dafi a ido. Damatsiri kuwa, ɗan kore siriri, a kan reshe yake harkarsa, ya fi ka son a rabu lafiya. Haka ya bi musu ƙadangaru: jangwada mai jan kai da ke gyaɗa wa kowa kai kamar ya san shi, kulɓa mai sheƙi da mata ke gudu alhali ba ta taɓa kashe kowa ba, guza a bakin rafi, da damo sarkin haƙuri wanda haƙurinsa bai hana a ci shi ba. In ya zo kan kububuwa sai ya daina dariya. Ita ce ƙarama a cikinsu, ita ce kuma ta fi cika maƙabartar ƙauyen lokacin girbi.

Da Firdausi ta fara wayo, Haulatu ta so ta zuba mata wannan karatu. Falalu ne ya hana.

"Maman Firdausi, kada ki koya wa yarinyar nan tsoron maciji," in ji shi. "Mai tsoro shi ke ɗaukar dutse. Ranar da ta jefi eke, ina za mu? Nan ba Tudun Tofa ba ne, ki bar ta ta tashi irin na 'yan gida."

Maganarsa da hankali a ciki, don haka Haulatu ta kama bakinta. Firdausi ta tashi irin na 'yan gida kuwa. Igbo a bakinta kamar a nono ta sha, Hausarta kuma sai an tace ta kamar kamu kafin a raba ta da Turancin kasuwa. A wajen Mama Angelina ta koyi yadda ake yi da eke: a samo sanda mai tsawo, a zura a ƙarƙashin cikinta a hankali, ana yi mata magana mai daɗi, a kai ta bayan katanga a ajiye. Ita da Marvelous, jikar Mama, har rige-rigen ɗauka suke. Duk ranar da haka ta faru Haulatu ɗaki take shigewa ta rufe ƙofa, tsigar jikinta na tashi, amma ba ta taɓa cewa uffan ba.

Abin da ya kawo maganar duka zana ce. Haulatu tana girki a wata kusurwa ta tsakar gida, a fili, 'yan haya maza na wucewa ta gabanta, abin ya daɗe yana damunta. Falalu ya ce zai kafa mata tsohon kwano, ta ce kwano zafi. Ya ce leda, ta ce ita ba kifi ba ce da za a naɗe ta. Gaskiyar magana, wadda ba ta faɗa masa ba, kewar gida ce ke cinta, tana son ta ɗaga kai daga murhu ta ga zanar gamba irin ta tsakar gidansu. Ta yi wa mahaifiyarta waya, aka sa aka saƙa mata zana mai kyau aka naɗe, aka jingine a bakin gona ana jiran motar albasa mai zuwa kudu. Motar ta yi jinkiri, zana ta sha kwana a wurin. Ran Asabar da yamma Falalu ya ɗauko ta daga Head Bridge a saman keke, ya jingine ta a bayan madafa, tana ƙanshin busasshiyar ciyawa da ƙurar gida.

Washegari Lahadi gidan ya yi tsit. Mama da jikokinta sun tafi coci, 'yan haya wasu sun fita wasu suna ramuwar barci, Falalu na ɗaki yana sauraron rediyo. Haulatu ta kwantar da zanar ta yanke igiyar, ta ce wa Firdausi ta fara warwarewa, ita kuma ta juya ga turmi tana daka barkono.

Tana cikin daka ta ji wani sauti. Ba ƙara ba ce, wani ɗan shuu ne mai ɗorewa, kamar an ɗiga ruwa a kan tanda mai zafi. Rabonta da jin wannan sauti tun tana budurwa, amma jikinta ya gane shi kafin hankalinta ya gane. Kububuwa ce kaɗai ke yin haka, in ta naɗe tana goga jikinta da jikinta kafin ta kai sara.

Ta waiwaya. Firdausi na tsugune a bakin zanar da sandar eke a hannu, fuskarta fal murna. A gabanta, tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, ga abar nan a naɗe, launin ƙasa da ɗigon fari-fari a gadon baya, ba ta fi kaurin babban yatsa ba.

"Umma, zo ki ga baby eke," in ji Firdausi. "See as e small. Bari in kai ta bayan katanga."

Haulatu ta san in ta yi ihu yarinyar za ta zabura, zaburar kuwa ita kububuwa ke jira. Ta sa muryar da take kiran ta cin abinci.

"Firdausi, kada ki motsa hannun nan. Bar sandar a inda take. Ki ja da baya a hankali, kamar kina fita daga ɗakin da jariri ke barci."

"Umma, ai ba ta cizo."

"Na ji. Ja da baya dai, 'yar albarka."

Yarinyar ta ja da baya tana tura baki. Da ta yi nisan da ya isa, Haulatu ta ɗaga taɓaryar da ke hannunta ta sauke, ta sake saukewa, yadda ta ga mahaifinta yana yi da ƙotar fartanya. Sautin ya ɗauke. Sai a lokacin ta zauna a kan turmin da barkono da komai.

Firdausi ta tsaya tana kallon uwarta kamar ba ta taɓa ganin ta ba. Hawaye ya cika mata ido.

"Umma, kin kashe ta. Mama za ta kore mu."

Falalu ya fito da rediyo a hannu. Shi ma ɗan ƙauye ne, kallo ɗaya ya yi wa abar ya yi salati a hankali, ya jawo 'yarsa ya dudduba hannuwanta da ƙafafunta har tsakanin yatsu. Da ya tabbatar ba abin da ya same ta, sai ya waiga dama da hagu. Ba kowa. Suka ja zanar zuwa rana suka warware ta gaba ɗaya suna bugawa da sanda, ko akwai wata. Ba su sami komai ba sai wata kulɓa da ta fito a guje ta bi ta kan ƙafar Falalu, ya yi wani tsalle da bai yi irinsa ba tun yana saurayi.

"To, Allah ya rufa asiri," in ji shi da ya dawo daidai. "Kawo baƙar leda. Yanzu in hau okada in je kan gada in jefa ta a kogi. Ba wanda ya gani. Ke kuma Firdausi, ko Marvelous kada ki faɗa wa."

Haulatu ta tashi za ta ɗauko ledar, har ta kai bakin ƙofa. Sai idonta ya faɗa kan sandar eke da ke yashe a ƙasa, sandar da duk yaran gidan ke amfani da ita, har ta yi sulɓi saboda riƙo. Ta tsaya.

"Baban Firdausi, motocin nan kullum zuwa suke daga gida. Kai kanka kana shigo da buhunan albasa gidan nan in kasuwa ta yi kwantai. Yau a zanata ta zo, gobe a buhunka. Da Marvelous ce ta warware zanar nan ina ɗaki fa?"

"Sai mu riƙa lura."

"Mu muke lura. Su yaran duk abin da ya ja ciki sanda suke kai masa suna yi masa kirari. In mun jefar da wannan a ɓoye, da me zan nuna musu bambanci?"

Falalu ya girgiza kai. Ba mai faɗa ba ne, in ransa ya ɓaci ma ƙasa-ƙasa yake magana.

"Kin san abin da aka yi wa Yahya. Tsohuwar nan cewa ta yi maciji, ba ta ce wane iri ba. In kin ƙudura sai kin nuna mata, to ki fara ɗaure kayanki, kada a watso mana su a gaban jama'a."

Ya faɗa ne don ta tsorata, ita kuwa ta tsorata ɗin, amma sai ta shiga ɗaki ta shimfiɗa tsohon zani ta jera tukwanenta da kwanoninta a kai ta ƙulle. Tana ƙullewa tana kallon ɗakin, tabon da Firdausi ta yi da gawayi a bango tana ƙarama, tagar da iska ke shigowa ta wajen mangwaro. Ta yi baƙin ciki sosai, har ta ce a ranta ina ma ta haƙura da kwanon da Falalu ya ce zai kafa. Sannan ta fito ta sa mushen a wani tsohon faranti ta kife shi da murfi, ta zauna jira.

Bayan azahar Mama Angelina ta dawo, da ɗaurin kallabi kamar kwando da sandar tafiyarta, jikoki na biye. Ta zauna a kujerarta ta ƙarƙashin mangwaro tana fifita da takardar coci. Haulatu ta zo ta durƙusa a gabanta ta gaishe ta, ta ajiye farantin. Igbonta bai wuce na gaisuwa da cefane ba, don haka ta kira Firdausi ta tsaya a tsakani. Falalu ya tsaya daga nesa, hannu a baya.

"Ki ce mata na kashe maciji a gidanta," in ji Haulatu.

Firdausi ta dubi uwarta da ido jawur, ta faɗa. Fifitar Mama ta tsaya. Haulatu ta ɗage murfin.

Tsohuwar ta leƙa farantin. Ta sunkuya ta sa bakin sandarta ta juya mushen, ta sake juyawa, ta dubi kan, ta dubi wutsiyar. Haulatu ta ɗauki tsinke ta buɗe bakin ta nuna mata haƙoran nan biyu masu lanƙwasa.

"This one no be eke," in ji Mama a hankali. Ta ɗago ta yi tambaya da Igbo.

"Ta ce daga ina ta fito," in ji Firdausi.

Haulatu ta nuna zanar da ke shanye a rana, ta ba da labari tun daga bakin gona har zuwa sandar da ke hannun Firdausi. Ta ce sunanta kububuwa, ta ce wanda ta sara jini yake ta zuba, ta dasashi, ta hanci, ta tsohon tabo, in ba a kai shi asibiti mai maganinta da wuri ba sai dai wani ikon Allah. Firdausi na fassarawa muryarta na raguwa, domin ita ma yanzu take jin abin da ta tsugunna a gabansa. Da ta kai ƙarshe sai ta matso ta jingina da kafaɗar uwarta.

Mama ta sake tambaya.

"Ta ce ba kowa a gida, me ya hana ki jefar ki yi shiru?"

Haulatu ta dubi Marvelous, wadda ta riga ta ɗauko sandar eke daga ƙasa tana wasa da ita. Mama ta bi idonta da kallo. Nan fa tsohuwar ta fara faɗa, faɗa na gaske, tana buga sanda a ƙasa, har 'yan haya suka leƙo ta tagogi. Haulatu ta sunkuyar da kai ta ce a ranta shi ke nan, an zo wurin.

"Umma," in ji Firdausi, "ta ce tun ban zo duniya ba kike gidan nan, kin san akwai irin wannan a garinku, kina ganin motoci na kawo kaya, kina ganin jikokinta da sanda, kika yi shiru. Ta ce wane irin mugun shiru ne wannan."

"Ki ce mata dokarta na kiyaye."

"Ta ce ita maciji ta hana a kashe, don baƙo bai san eke ba, kome ya gani duka yake kai masa. Ba ta ce ki haɗiye harshenki ba."

Falalu ya sosa ƙeya ya dubi sama, kamar mai lissafin 'ya'yan mangwaro.

Da faɗan ya lafa, Mama ta kira shi ta ce ya ɗauki mushen nan, ɗan garin nasu, ya kai shi bayan katanga ya haƙa rami mai zurfi, amma ba yanzu ba. Ta sa aka tara yaran gidan duka, nata da na 'yan haya, aka zaunar da su a kan tabarma, aka sa farantin a tsakiya. Ta nuna Haulatu da sanda.

"Oya, Mama Firdausi. Talk."

Haulatu ta fara da in'ina, kamar mai buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. Ta nuna musu kan kububuwa da ɗigon bayanta, ta ce eke in ta tsorata ɓoye kai take, wannan kuwa kanta a waje yake yana kallonka. Ta goga busassun ganye biyu ta kwaikwayi sautin, ta ce duk wanda ya ji haka ya ja da baya ya kira babba. Daga nan bakinta ya saki. Ta kawo kasa da lalacinta, ta kawo kumurci ta fasa kai da tafin hannu har yaran suka ja baya suna dariya. Marvelous ta tambaya ko ƙadangaren garinsu ma yana kisa, Haulatu ta ce a'a, shi gaisuwa ce ta yi masa yawa, ta gyaɗa kai irin na jangwada. Firdausi na juyawa zuwa Igbo, in ta zo kan suna sai ta faɗe shi da Hausa a hankali, tana ɗanɗana shi. Damo ne ya fi burge ta, ta sa aka maimaita mata kirarinsa.

Ba su ankara ba aka kira la'asar a masallacin bakin titi. Mama ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta yi wa Firdausi wata magana ta nufi ɗakinta.

"Me ta ce?" in ji Haulatu.

"Ta ce ba ki gama ba. Duk Lahadi in an dawo daga coci za ki riƙa yi mana, har sai kowa ya haddace. Kuma ta ce zanar tana da kyau, a kafa ta kafin ruwa ya sauko."

Haulatu na zaune a kan tabarmar, daɗi ya cika ta. Falalu ya ɗauki farantin da fartanya ya nufi bayan katanga, Firdausi na biye da shi tana tambayarsa ko shi ma ya taɓa ganin guza. Ita kuwa ta tashi ta yi alwala ta yi salla, sannan ta jawo ƙullin nan ta kwance, ta ciro tukunyar tuwo ta ɗora ruwa.